Godiya bayan lamarin gwajin jinin Hajiya

Assalamu alaikum warahmatullah. A madadina da 'yan'uwana, ina miƙa godiya ga duk wanda ya kira, ya zo dubiya, ya aiko da gudummawa ko ya saka mahaifiyarmu a addu'a tun lokacin da labari ya fita cewa an gano mata sanyin gaɓoɓi mai tanƙwara yatsu, wanda likitoci ke kira rumatoyid. Alhamdu lillahi, an sake bincike, kuma Hajiya ba ta da wannan ciwo. Gwajin farko ne ya nuna abin da babu.

Da yake tambayoyi sun yi yawa, har wasu na cewa ko rubutu aka sha ciwon ya ɓace, bari in yi bayani sau ɗaya. Gwiwa ce ta dame ta, har ta koma yin salla a kujera. Aka ɗebi jini a wani ƙaramin ɗakin gwaji, takarda ta fito cewa wani sinadarin jini da ake dubawa wajen neman rumatoyid, mai suna RF, ya hau, nan take aka rubuta mata magunguna biyu, metotireksat da firednisolon. Hajiya tana da ƙawar da wannan ciwo ya karkatar wa yatsu har ba ta iya ɗaura zani da kanta, to kun san inda tunaninta ya tafi. Abinci ya daina shiga. Wata safiya na tarar ta buɗe akwati tana ware atamfofinta kashi-kashi, wai kowa ya san nasa tun tana da hannun rabawa.

Godiyata ta farko ga mai kantin maganin unguwarmu ce. Ya karanta takardar, ya dube ni ya ce, "Yaya, an duba hantar Hajiya kuwa?" Na ce ban ji an yi ba. Ya ce metotireksat ɗin sau ɗaya ake shan sa a mako, yana taɓa hanta, kuma ba a fara shi sai an gwada ciwon hanta nau'in B da C an ga lafiyar jini. Ya mayar min da takardar, ya ce in kai ta wurin ƙwararren likitan gaɓoɓi tukuna. Ciniki ne ya bari ya wuce shi a wannan zamani da kowa ke kukan kasuwa. Allah ya buɗa masa ta inda bai zata ba.

Sai likitar da ta gan mu a asibitin koyarwa. Ba ta fara da takarda ba, hannun Hajiya ta kama. Ta bi gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya tana dannawa, ta matse tafin hannun, ta juya wuyan hannu, sannan ta ce, "Mama, in kin tashi da asuba yatsun nan suna sandarewa?" Hajiya ta ce ina, da su take tatsar akuyarta. Babu kumburi ko ɗaya. Gwiwar kuwa da aka ɗauki hotonta, guringuntsi ne ya zaizaye, irin na shekaru da nauyin jiki.

Bayanin da ta yi mana ya kamata kowa ya ji. RF wani sinadari ne na garkuwar jiki, kuma ana samun sa a jinin kusan 70 zuwa 80 cikin 100 na masu rumatoyid, amma ba nasu ba ne su kaɗai. Yana hawa ga masu ciwon hanta, musamman nau'in C, da masu tarin fuka, da masu tsargiya, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya sha kamawa. Ko cikin masu ƙoshin lafiya akan samu kamar 5 cikin 100, kuma adadin yana ƙaruwa ga tsofaffi. Mu nan abin ya fi shafar mu. Farfesa Brian Greenwood, likitan nan ɗan Ingila da ya yi aiki a Ibadan kafin ya shafe shekara 10 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tuntuni ya nuna cewa ana yawan samun RF a jinin 'yan Najeriya da ba su da ciwon, ya kuma danganta hakan da cututtuka irin su maleriya. Shi ya sa a ƙa'idar tantance rumatoyid da likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai suka fitar a 2010, sai an ga gaɓa a kumbure kafin ma a fara lissafi, sannan ana neman maki 6 cikin 10, alhali RF da anti-CCP, wani gwajin jinin na rumatoyid, komai hawansu, ba sa ba da fiye da 3.

Yabon gwani ya zama dole, don haka ba zan tsallake ma'aikacin ɗakin gwajin asibitin ba. Shi ya zaunar da ni ya nuna min irin katin da ake gwajin gaggawa a kai, baƙi mai zane-zanen da'ira. Ana ɗiga ruwan jini, a ɗiga farin ruwan gwajin, a gauraya, a riƙa jujjuya katin minti 2 ana duban ko zai yi gudaji kamar kindirmo. Ya ce in aka wuce lokacin ruwan ya fara bushewa, sai ido ya ga gudajin da babu. Haka in jinin ya yi maiƙo sosai ko ya fashe wajen ɗiba. Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa: yawancin kayan gwajin zamani da sinadaran garkuwar dabbobi ake haɗa su, na ɓera, zomo, akuya ko tunkiya, kuma jinin wasu mutane yana da abin da ke manne wa waɗannan sinadarai, sai na'ura ta ƙirga shi a matsayin ciwo. An fi ganin haka ga masu mu'amala da dabbobi. Tun da ƙannena suka ji wannan suke tsokanar Hajiya cewa awakinta ne suka so ja mata, ita kuma ta ce ko gobe ba mai raba ta da su. Ma'aikacin ya sake ɗibar sabon jini ya gwada da na'ura mai ba da lamba: RF yana ƙasa da iyaka, anti-CCP babu, gwajin kumburin jiki lafiya lau, hanta ma haka.

Abin da har yanzu yake min ciwo shi ne, da an sha maganin nan, da tsohuwa ta ɗauki haɗarinsa a kan ciwon da ba ta da shi, ita kuma gwiwar tana nan yadda take. Ba na riƙe kowa a zuciya, amma takardar gwaji guda ba ta isa a ɗora wa mutum maganin shekaru ba tare da an taɓa hannunsa ba. Masu rumatoyid na gaskiya kuma kada wannan labari ya sa su ajiye maganinsu, shi ne ke tsare musu yatsu.

Yanzu Hajiya tana zuwa gashin gwiwa da motsa jiki, an ce ta rage ƙiba, an kuma ba ta sanda, wadda sai an yi da gaske take ɗauka. Atamfofin sun koma akwati. Kawu da Gwaggo da suka riƙa kwana da ita, maƙwabta da suka kula da dabbobi, 'yan masallacinmu da matan islamiyyarsu, mun gode ƙwarai.

Kuɗin da aka tara don magani, abin da aka taɓa na gwaje-gwaje da hoto ne kawai. Ragowar Hajiya ta ce a mayar wa kowa nasa, wanda kuma ya ce ya yafe za a kai wa ƙawar tata don sayen nata maganin. Zan bi kowa ta waya cikin makon nan in Allah ya yarda. Allah ya saka da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.