Kwangilar bencin da damina da tsadar ƙarfe suka cinye ribarta

Ina da shagon walda da aikin kafinta a Daura, kuma har yau idan aka ambaci kwangilar da na karɓa a watan Mayun 2023 sai raina ya sosu. Wata makarantar kuɗi ce ta ba ni aikin benci da tebur, ƙafafun ƙarfe, saman katako, a kan zan miƙa kafin yara su dawo daga dogon hutu a Satumba. Aka ba ni sulusin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sauran za a riƙa biya yadda aiki ke tafiya. A takarda komai ya zauna daidai, ga lokaci isasshe, ga riba a fili.

Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Yuli ta wuce 600. A tsakiyar Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, dala ta yi sama, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Wannan kowa ya ɗanɗana, kuma da shi kaɗai ne da na jure. Jinkiri ne ya kayar da ni, domin idan kaya na tashi, duk makon da aiki ya ƙara daga aljihunka ake cire kuɗinsa.

Jadawalin an gina shi ne a kan kwana shida na aiki kowane mako. A Daura, cikin damina! Yawancin yaran shagona daga ƙauyukan Sandamu da Zango suke. Ruwan shuka na sauka sai ka ji, "Maigida, Baba ya aiko in zo." Za ka hana yaro zuwa gonar ubansa? Ya dawo, sai noman farko, sai maimai. Babbar Salla ta faɗo ranar 28 ga Yuni, ga layya ga hawa, mako guda ba wanda ya taɓa guduma. Juma'a kuma dama rabin yini ce. Wuta idan ta zo tsakar dare take zuwa, sai dai janareta, shi kuma yana shan man da ba da wannan farashin aka yi ciniki ba.

Sai marka ta shigo a Agusta. Katakon da na ɗauko daga kasuwar Na'ibawa ta Kano da danshinsa ya iso, wanda muka yi gaggawar bugawa ya bushe ya tsage, dole aka kwance. Fentin da ke bushewa a yini ɗaya lokacin rani sai ya kwana biyu yana kama hannu.

Ga inda abin ya fi ciwo. Tunda aiki bai kai inda aka yi alkawari ba, kashi na biyu na kuɗin bai fito ba. Tunda bai fito ba, ban sayi sauran ƙarfen ba. Da ya fito na kira Alhajin da nake saye a wurinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, na ambaci farashin da muka rabu a kai, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai tarihi ne. In ka ƙara kwana uku ma ba zan tsaya maka a kan na yau ba." Kuɗin mota daga Kano ta Kazaure shi ma ya hau. Na je wurin mai makaranta da rasit a hannu, ya ce, "Wallahi na tausaya maka, amma alkawari kaya ne." Bai yi ƙarya ba, ba a rubuta komai a kan tashin kaya ba. Na miƙa aikin bayan an koma makaranta, uwar kuɗi ma da kyar ta dawo.

Yanzu duk farashin da na bayar ina rubuta cewa na mako biyu ne. Kafin alƙalami kuma sai ya isa sayen ƙarfe da katako gaba ɗaya, in ɗauko su a makon, in bai isa ba a kai wa wani. Wa'adi daga littafin ayyukan baya nake ciro shi: wancan aiki kwana nawa na ce, kwana nawa ya ci. Tsakanin Yuni da Satumba kwana huɗu nake ƙirgawa a mako, in cire makon Salla. Kowace Alhamis da yamma ina zama da babban yarona mu gwada abin da aka kashe da abin da aka tsara, in giɓi ya fara sai wanda ya ba da aikin ya ji tun a ranar.

Wasu na ganin wa'adina ya yi tsawo, su tafi wurin wanda ya ce musu mako uku. Bara wani ya dawo da rabin ƙofofinsa ba fenti, yana neman in ƙarasa masa. Na ƙarasa, a farashin ranar.