Dizal ɗin yanzu ba ya yafiya

Shekara 18 ke nan ina riƙe da gareji, ni da yara biyar, kuma injin dizal kaɗai muke taɓawa. Lokacin da nake koyo a hannun maigidana, kunne da sufana su ne jarinmu. Yakan tsaya gefen mota tana aiki, ya karkata kai, ya ce nozul na uku ne, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, a kwance kuwa a tarar haka ne. In iska ta shiga layin mai, sai ka sassauta notin nozul, a tayar da mota, kumfa ta fita, ka ɗaure. Yau duk yaron da ya gwada wannan a gabana zai ji babu daɗi, don man da ke cikin bututun nan yana iya huda fatar hannu kamar allura.

Abin ya canza ne tun da tsarin da ake kira kwaman rel ya shigo ƙananan motoci a 1997, a jikin Alfa Romeo 156, da kayan Bosch. Famfo ɗaya ke tara mai a bututu ɗaya, kwamfuta kuma ke gaya wa kowane nozul lokacin feshi. Na farkon suna matsa mai da ƙarfin 1,350 a ma'aunin matsi na bar, na yanzu sun haura 2,000. Da haka aka samu ƙarfi, ƙara ta ragu, shan mai ya ragu. Sai dai ramukan nozul ɗin sun koma kamar silin gashi, kuma man dizal ɗin kansa ne ke shafe cikin famfon. Ruwa kaɗan ko datti ya wuce filta, famfo ya fara cin kansa. Na sha yanka filta in juye a farin kwano, in haska da tocila, in ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ƙasa. In na ga wannan, na san maganar ta wuce famfo: tanki, layuka, nozul huɗu, duk sai an bi. Sabon nozul ma ba ɗaurawa kawai ake yi ba, akwai lambobi a kansa da za a shigar wa kwamfutar motar, in ba haka ba ta yi ta kakkarwa.

Amma abin da ya fi kawo mini mutane shi ne tacen hayaƙi da ke cikin salansa, wato DPF. Peugeot 607 ta fito da shi a 2000, dokar rage hayaƙi ta Euro 5 ta 2009 kuma ta sa kusan kowace dizal ta Turai ta ɗauke shi. Aikinsa kama kunkunniya. In ya cika, motar da kanta take ƙara fesa mai don salansa ta yi zafi har wajen digiri 600, ta ƙone abin da ta tara. Wannan yana son tafiya miƙaƙƙiya ta minti 15 zuwa 20 ba tsayawa.

Wata baiwar Allah ta kawo mini tata, fitila ta kama a gaban sitiyari, mota ba ta ja. Na zaro ma'aunin baƙin mai, na ga ya haura layin sama da kusan ɗan yatsa, na shinshina, warin dizal tsantsa. Na ce, "Hajiya, a yini ina da ina kike zuwa?" Ta ce makarantar yara da wurin aiki, duka bai kai kilomita shida ba. "To ai ni lallaɓa ta nake yi, Malam, ko gudu ba na yi da ita." Lallaɓawar ce ta kwantar da ita. Kullum motar ta fara ƙone kunkunniya, sai a kashe ta, man da ta fesa ya gangara cikin baƙin mai ya tsinke shi. Da ta ƙara wata biyu a haka, turbo ne zai biyo baya. Bawul ɗin EGR kuwa, mai mayar da hayaƙi cikin injin, da cokali muka kankare shi.

Baƙin mai ma ba kowanne ba. Mota mai DPF tana son mai ƙarancin toka, irin wanda aka rubuta C2 ko C3 a jikin galan, don kunkunniya tana ƙonewa amma toka ba ta ƙonewa. Haka dizal mai sulfa da yawa: a Turai kashi 10 cikin miliyan ne iyaka, kuma a kan irin wannan man aka ƙera injinan.

Sai AdBlue, ruwan da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, da ya yaɗu bayan dokar Euro 6 a 2014. Yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a tataccen ruwa, da tankinta daban. In ta ƙare ka kashe mota, ba za ta sake tashi ba, da gangan aka tsara haka. Wanda ya yi kuskuren zuba ta a tankin mai, kada ma ya murɗa makulli, a jawo motar.

Wasu kan ce in cire musu tacen gaba ɗaya kowa ya huta. Ba na yi. A Birtaniya tun 2014 motar da aka cire wa shi ba ta wuce gwajin shekara, kuma ni da yarana muke tsayawa bayan salansar nan duk yini, na san abin da ke fita.

Shi ya sa in mutum ya zo neman shawara kafin ya saya, ba na fara tambayar wace iri yake so. Nisan tafiyarsa nake tambaya. Mai cin dogon zango ko mai jan kaya, dizal za ta biya shi. Mai zirga-zirgar cikin gari, fetur nake nuna masa, ko da yake ba aikina ba ne kuma ba zai sake dawowa gurina ba. Hajiya dai ta ƙi sayar da tata. Yanzu duk ƙarshen mako ɗanta yakan hau babban titi da ita na rabin awa, kuma duk wata takan biyo mu zaro ma'aunin mu duba tare.