Naira dubu biyu a kan tabarma

Wata uku na yi ina shiri. Na sauke ƙa'idojin Dungeons & Dragons na kyauta da kamfanin da ke yin wasan ya saki a 2014 (wasa ne da kowa ke ƙirƙirar jaruminsa, a haɗu a yi labari tare, dayis na yanke abin da zai faru), na buga su a shagon kwamfuta, na sa aka kawo mini dayis daga Legas, har da mai fuska 20 ɗin nan da kusan komai na wasan ya rataya a kansa. Samun 'yan wasa bai ba ni wahala ba. Mu shida muka fara a zauren kawuna a Zariya, duk Asabar bayan La'asar, ni ne mai jan labari.

A zama na uku aka yi ɓarnar, kuma ni na jawo ta. Mun yi karo-karo na sayen zoɓo da biyan kuɗin buga takardu, naira dubu biyu, na ajiye su a kan tabarma kusa da dayis don kada in manta. Wani yaro cikinmu ya jefa ya samu 20, zauren ya kaure da ihu. Daidai lokacin wani maƙwabci ya leƙo. Samari a zagaye, dayis a tsakiya, kuɗi a gefe. Me kake so ya ce ya gani?

Kafin Isha'i magana ta isa kunnen Kawu. Ya kira ni, ya ce, "Kai, zaurena za ka mayar gidan caca?" Na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, wallahi ba caca ba ce, labari muke yi." Bai ko tsaya ji ba. Ya sa kwaɗo a ƙofar zauren.

Har yau abin yana cin raina. Na san shekarar da wasan ya fito a Amurka, 1974, na haddace lissafin faɗa da na tsallake tarko, amma ban yi tunanin in zauna da dattijon da ya ba ni ɗakinsa in nuna masa abin da za mu yi ba. Minti goma ya ishe ni. A unguwarmu ludo ma kallon tuhuma ake yi masa, balle dayis da kuɗi a waje ɗaya.

Sai da muka yi wata biyu ba zama. Daga baya na roƙi Kawu ya zauna ya kalli wasa ɗaya. Ya kalla shiru, ya ga babu mai ci babu wanda aka cinye, kowa da takardarsa da fensir. Da muka tashi ya ce, "Ashe tatsuniya ce kuke yi da lissafi." Ya miƙo mini makulli.

Yanzu kuɗi ba ya shiga zauren, ta waya ake turo mini tun ranar Juma'a. Ƙofa a buɗe take, kuma ana kiran Magariba muke naɗe tabarma ko a tsakiyar faɗa muke. Duk sabon da zai shigo, in ɗalibi ne, nakan je gidansu da kaina in gaida mahaifinsa, dayis ɗin a hannuna.

Yaron da ya jefa 20 ɗin bai dawo ba. Mahaifinsa ya ji labarin farko, kuma na je har sau biyu bai sauko ba. Takardar mafaraucin da yaron ya ƙirƙira a matsayin jaruminsa tana cikin jakata, mafaraucin yana mataki na biyu a wasan.