NDIS da kuɗin haya: abin da shirin ke biya da abin da ba ruwansa

Aikina taya masu buƙata ta musamman cike takardun neman tallafin gida a ƙarƙashin NDIS, shirin gwamnatin Ostiraliya na tallafa wa masu nakasa, wanda aka fara gwajinsa a 2013. Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko shirin zai biya haya. Ba ya biya. Haya, bashin sayen gida, cefane, wuta da ruwa, duk ana ɗaukarsu ɗawainiyar da ke kan kowa, mai nakasa da mai lafiya, kuma gyaran dokar da ya fara aiki ranar 3 ga Oktoba 2024 ya ƙara fito da hakan fili. Shi ya sa nakan fara tura mutum Centrelink, ofishin gwamnati mai biyan fansho da tallafi, ya nemi fanshon nakasa da tallafin haya, ya kuma sa sunansa a layin gidajen gwamnatin jiharsa da wuri, don layin ba ya sauri.

Abin da NDIS ke ɗauka shi ne ƙarin nauyin da nakasar ta jawo, kuma a nan mutane ke rikita SIL da SDA. SIL kuɗin ma'aikatan da ke taya mutum wanka, girki, shan magani da kwanan tsaro ne, galibi a gidan da mutum biyu ko uku ke raba ma'aikaci ɗaya. SDA kuwa kuɗin ginin ne, gidan da aka tsara musamman don mai tsananin buƙata, kuma kaɗan ne daga cikin mahalarta shirin ke samunsa. Ko wanda ya samu SDA sai ya biya nasa kason: kashi 25 cikin ɗari na fanshonsa da na ƙarin fanshon, da tallafin hayarsa gaba ɗaya. Kuɗin SDA ɗin ga mai gidan suke tafiya, ba sa biyowa ta hannun mazauni.

Inda na ga buƙatu suna faɗuwa shi ne rahoton OT, ƙwararren da ke auna yadda mutum ke gudanar da hidimarsa ta yau da kullum. Rahoton da ya tsaya kan sunan ciwo ba ya kai ko'ina. Hukumar NDIA, wadda ke gudanar da shirin, tana son a nuna mata yini guda sa'a bayan sa'a: mutum nawa ke ɗaga shi daga gado, sau nawa ake juya shi cikin dare, me ke faruwa idan ba kowa a gida. Nakan kuma sa a rubuta hanyoyi masu sauƙin kuɗi da aka gwada da dalilin da ba su yi ba. Iyali kan so su ɓoye gajiyarsu saboda kara, su ce "muna iyawa". Wannan maganar kaɗai tana iya rage sa'o'in da za a amince da su.

Gyaran gida yana da nasa tarkon. Ƙaramin gyara, irin su maƙalan riƙewa a banɗaki ko gangaren keken guragu, shi ne wanda bai kai dalar Ostiraliya 20,000 ba, abin da ya haura haka ko ya taɓa ƙashin gini sai an bi doguwar hanya. Kada a kira magini kafin amincewa ta fito, domin da wuya a mayar wa mutum kuɗin da ya riga ya kashe. In gidan haya ne, a fara karɓo izinin mai gida a rubuce.

Wanda aka tabbatar masa da gida amma bai kammalu ba yana iya neman masaukin wucin gadi na MTA, yawanci har kwana 90. In an ƙi buƙata, akwai wata 3 na neman hukumar ta sake dubawa, daga nan kwana 28 na ɗaukaka ƙara zuwa kotun ART, mai sake duba hukuncin hukumomin gwamnati. Nakan nemi dalilan ƙin a rubuce tukuna, in kai wa OT ya amsa su ɗaya bayan ɗaya a sabon rahoto.