Haƙar burtsatse a ƙasar kuza

Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse da haɗa matatar ruwa. Shagonmu yana Bukuru, injin haƙa ɗaya gare mu, sai yara ma'aikata kaɗan. Yawancin aikinmu tsakanin Jos ta Kudu ne da Barkin Ladi, ƙasar da kamfanonin Turawa suka yi ta tonon kuza tun farkon shekarun 1900, suka bar mana tafkuna da tsibin yashi. Duwatsun nan suna ɗauke da yuraniyom da toriyom tun halitta, ma'adanai masu fitar da tururin nukiliya. Baƙin yashin da ya rage bayan an wanke kuza kuwa, akwai monazait a cikinsa, shi ma cike da toriyom. Mai haƙar ruwa a nan ba ya tsayawa kan zurfi da yawan ruwa kaɗai.

Mai gida yakan ɗebo ruwa a kofin gilas, ya ɗaga shi sama, ya ce, "Injiniya, dubi, garau." Nakan ce, "Alhaji, abin da nake nema ba shi da launi, ba shi da wari." Tafasawa ma ba ta fitar da yuraniyom, ruwan ne ke raguwa, shi yana nan.

Abin da ke ceton mutane da yawa ita ce ƙasar kanta. Toriyom da ƙyar yake narkewa. Manne wa laka da yashi yake yi, shi ya sa matsalarsa ta fi ga ƙura da ga masu yin filasta da yashin kuza. Yuraniyom kuwa halinsa biyu. Inda ruwa ba iska, can ƙasa cikin baƙar laka, sai ya daskare ya kwanta. Da ya samu iska sai ya narke ya bi ruwa, har ya gamu da tsatsa. Jar marmarar nan da muke fara fasawa kafin mu kai dutse, ƙarfen cikinta ne ya yi tsatsa, kuma tsatsa tana riƙe yuraniyom kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. Yumɓu ma yana riƙewa, amma bai kai ta ba.

Sai dai riƙon yana da sharaɗi. In ruwa ya yi tsami da yawa, ƙasa takan saki abin da ta kama. In kuma ruwan yana da sinadari irin na kanwa, yuraniyom yakan haɗu da shi ya ƙi mannewa, ya yi tafiya mai nisa. Don haka maƙwabta biyu, katanga ce kawai tsakaninsu, sai gwajin ruwansu ya sha bamban. Radiyom, wanda ke fitowa daga ruɓewar yuraniyom, shi baƙar tsatsar wani ƙarfe mai suna manganis yake bi, kuma ruwa mai gishiri da ƙarancin iska yana kwance shi. Radon, wadda ke fitowa daga ruɓewar radiyom, iska ce, ba ta manne wa yumɓu, rabinta yana ƙarewa cikin kwana 3.8. Saboda ita muke sa ruwa ya faɗo tanki daga sama yana fantsama, tankin a waje, da mashaƙar iska a murfinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yuraniyom a maikirogiram 30 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) cikin lita ɗaya ta ruwan sha, kuma ƙoda ce ya fi taɓawa. Ni ba ni da na'urar auna wannan. Samfuri muke ɗiba a roba mai tsabta, bayan famfo ya daɗe yana zuba, mu aika wa masu kayan aikin, irin Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A nan ne ciniki yake tsami. Mutum ya kashe miliyoyi a haƙa da sola, amma kuɗin gwaji ya zama masa almubazzaranci. Wasu abokan sana'a ma ba sa tayar da zancen, kada su kori kwastoma. A ganina wannan ha'inci ne.

In gwaji ya nuna akwai, muna haɗa matata ta yashi da tsakuwa mai tare tsatsa, sannan a kicin mu sa irin na'urar da masu fiya wata ke tace ruwa da ita, don ruwan sha da girki kaɗai. Wanka da wanki ba sa buƙatar wannan tsadar.

Wurin da nake tsananta wa yarana shi ne ranar wanke tanki da sauya yashin matata. Jan dagwalon da ke kwance a gindi, duk abin da aka tare wata da watanni yana cikinsa. Ba a kwashe shi da hannu tsirara, ba a barinsa ya bushe iska ta ɗauka. Wata Hajiya ta taɓa cewa mu juye mata shi a gindin kabeji da latas, tunda ga shi kamar taki. Muka ƙi, muka zuba shi a durom mai murfi, muka tafi da shi.