Laraba a kamp ɗin yara

Ƙarfe biyar da rabi Malam ya busa usur, ga ruwa ya kwana yana zuba, sanyin Filato na watan Agusta kuma ba a faɗa ma mutum. Ajujuwan firamare aka ba mu muke kwana, 'yan mata ɓangare ɗaya maza ɓangare ɗaya, katifu a ƙasa. Ni aka ba ƙananan 'yan mata, to kafin in tattara su a wanke fuska a nemo silifas ɗin da ya ɓata har an fara waƙa a sujadar safe. Baba Fasto ya karanta Markus 10, inda almajirai suke korar yara Yesu ya hana su, bai ja wa'azi ba, ya yi addu'a aka tafi layin kunu da ƙosai.

Abin da ya dame ni tun ran Litinin shi ne yadda yaran suka rabu da kansu ba wanda ya raba su. 'Yan cikin Jos da Bukuru suna gefe da Turancinsu da jakunkuna masu kyau, waɗanda suka zo daga ƙauyukan Mangu da Pankshin suna wani gefe da kayansu a leda, ko a layin abinci haka suke tsayawa. Jiya da dare mun zauna mu malamai muka ce a'a, ba za mu ƙarasa satin haka ba, aka wargaza rukunin aka sake haɗawa. Yau da safe an sha kuka kam, wata ta riƙe min zani tana cewa Anti don Allah ki mai da ni wurin ƙawata, na ce ta yi haƙuri zuwa yamma mu gani.

Bayan darasin Dawuda da Goliyat sai aka yi zare takobi, wato kowa ya ɗaga Littafi Mai Tsarki sama a rufe, a kira aya, wanda ya fara buɗowa ya miƙe ya karanta. Da aka kira Yahaya da Zabura kowa na samu. Sai Malam ya kira Obadiya, littafin da sura ɗaya ce kawai a cikinsa, aji ya cika da ƙarar takarda, manyan ma suna ta lalube wajen Sabon Alkawari, sai ga wata 'yar ƙarama daga ƙauye wadda tun da muka zo ban ji muryarta ba ta miƙe da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa na kakarta duk bangon ya fita, ta karanta tsaf ba gargada. Ashe littattafan nan 66 duk ta haddace su a jere, kakar ce ta koya mata da waƙa. Rukuninta suka ɗauke ta sama suna ihu, kuma waɗanda suka fi ihun 'yan Jos ɗin ne. Gaskiya sai da na share hawaye.

Da rana gwate muka ci, Mama mai kicin ta zuba yakuwa da gauta ya yi daɗi sosai, kowane rukuni ya wanke kwanonsa a bakin fanfo. 'Yan Birged, wato ƙungiyar matasan coci masu fareti, suka zo da ganguna suka koya ma yaran fareti a fili duk taɓo, hagu dama ta gagari ƙananan amma ba wanda ya yarda ya zauna. Yaro ɗaya jikinsa ya yi zafi, nas ta duba ta ce zazzaɓin sauro ne, an kira mamansa ta ce a bar shi tunda ya fara shan magani. Gidan sauro dai bai ishe mu ba, dole in tada maganar a taron malamai, damina ce fa.

Da dare an tada janareto aka yi waƙoƙi, kowace ƙabila ta kawo tata, Berom, Ngas, Mwaghavul, Tarok, amshin kuma duk aka koya tare. Mai kukan safe ba ta sake min maganar komawa ba, na gan ta tana ma sabuwar ƙawarta kitso da tocila. Gobe rukunina ke da sharar fili da ɗiban ruwa, kuma har yanzu ban samo rawanin da sarki Saul zai sa a wasan kwaikwayo ba, sai dai in yanka kwali da safe.