Babin da aka cire daga rahotonmu

Na ajiye aiki a ƙarshen damina, kuma tun daga lokacin abokan aiki ke ta kirana suna tambaya ko wani wuri na samu da ya fi. Ban samu ba. Babi na huɗu ne ya fitar da ni, kuma waɗanda muka yi zaman ofis ɗaya sun san babin da nake nufi. Yaran da ake ɗauka aikin fili yanzu kuwa, gara su ji daga bakina kafin su tsinci labarin a teburin mai shayi.

An ɗauke mu ne mu auna abin da noman rani ya ƙara wa mutane a wasu fadamu na bakin kogin Galma, inda aka haƙa rijiyoyi aka raba injinan ban ruwa. Amfaninsa a fili yake, ban taɓa musun sa ba. Magidancin da a da yake tafiya ci-rani Kudu da zarar an gama girbi, yanzu yana gida yana fama da tumatir da attarugu da albasa, ya sayi babur, ya aurar da 'yarsa ba tare da ya ci bashi ba. Sai dai fadama ba ta manomi kaɗai ba ce. Tun kafin a kawo injin farko, can shanu ke gangarawa idan tudu ya bushe, karan dawa ya ƙare, daga wajen Janairu har ruwan farko. Ni ɓangaren dabbobi aka ba ni, don haka abokaina na bin gonaki, ni ina bin rugage.

Wani Arɗo ne ya fara nuna mini. Ya kamo wata farar saniya, Bunaji, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje, ya sa hannuna a ƙarƙashin haɓarta. Wurin ya kumbura, lushi-lushi, ruwa ne ya taru. Ya ɗaga leɓenta, dasashin ya yi fari fat. Ya ce, "Malam, ciwon hanta mun san shi tun iyayenmu, amma da ba ya kama garke gaba ɗaya haka." Daga nan ya ja ni zuwa inda suke shayarwa. Tsohuwar mashayarsu ta zama gonar albasa, burtalin da ke kai wa gare ta an nome shi har ya rage ɗan siririn da saniya biyu ba za su jera ba. Abin da ya rage musu shi ne ƙarshen lambatu, inda ragowar ruwan gonaki ke malalowa ya kwanta. Na tsuguna na tumɓuke ciyawar bakin ruwan, sai ga 'yan ƙananan dodon-koɗi manne da ita, ko wanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Wanda ya yi karatun dabbobi ya san sauran. Ƙwan tsutsar hanta na fita a cikin kashin saniya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin dodon-koɗin nan ya hayayyafa, ya fito ya manne a ciyawa. Saniya ta ci, tsutsar ta huda hanji ta nufi hanta, bayan kamar wata uku zuwa huɗu ita ma ta fara zuba nata ƙwan. A da rani ne ke katse wannan zagaye, domin kududdufai na ƙafewa, yawancin dodon-koɗin su mutu. Yanzu ruwa na kwance duk shekara, kuma garkuna da yawa sun dawo suna sha suna kashi a wuri guda. Na riƙa zuwa mayanka da asuba ina tsayawa kusa da mahauta. In suka tsaga hantar sai ka ga hanyoyin matsarmama sun yi kauri sun yi fari, wuƙa na ƙara a kansu, tsutsotsin na zamowa fale-fale. Mahauci ya yi asarar hanta, Bafulatani ya yi asarar nono da ƙiba, matarsa ta koma tallan nono da ƙwarya rabi.

Abin da na rubuta ke nan a babi na huɗu, da sakamakon awon kashin shanu ruga bayan ruga. Ban ce a daina noman rani ba. Na ce a bar burtali yadda yake, a gina kwamin sha na siminti nesa da lambatu a riƙa cika shi da injin guda, a riƙa yashe magudanai, a kuma koya wa makiyaya bambancin magunguna, domin albendazol da suka saba saya a kasuwa manyan tsutsotsi yake kashewa, ƙananan da ke cikin naman hanta sai irin su tirikilabendazol. Na kuma tuna musu gonakin ciyawa da masu bincike na ILCA, cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, suka gwada da Fulanin Kachia a shekarun 1980, inda ake killace kamar hekta huɗu a shuka sitailo, wata ciyawar kiwo dangin wake, a riƙa sakin shanu masu shayarwa na 'yan sa'o'i kullum da rani. Duk waɗannan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da aka kashe wajen injina.

Dakta, shugaban aikinmu, ya karanta, ya kira ni ofis, ya ce aiki ya yi kyau. Da rahoton ya fito a ɗaure, daga babi na uku sai na biyar da aka mayar na huɗu. A wurin duk abin da na rubuta an bar layi ɗaya, wai dabbobi ma sun amfana da samun ruwa a lokacin rani. Na je na same shi cikin ladabi, na ce, "Yallaɓai, ko kuskuren masu bugawa ne?" Ya ce masu ba da kuɗi na zuwa duba zango na biyu, kada mu ɓata rawarmu da tsalle. Da a nan ya tsaya da na haɗiye, domin na san nauyin albashin mutane da ke kansa. Amma a taron mako, da na sake tayar da maganar, sai ya dube ni a gaban kowa, har da ɗaliban da nake koya wa aiki, ya ce shi ya ɗauke ni tara kashin shanu ne, fassara shi aikin masu digiri ne. Ya ce samfurina ma ya yi kaɗan, ba abin da za a kafa hujja da shi. Aka yi tsit. Waɗanda muka sha rana tare a fadama duk suka sunkuyar da kai, kuma har yau wannan shirun ya fi yi mini ciwo fiye da maganar.

Samfurin da ya yi kaɗan ɗin, shi aka kai wani taron masana daga baya, da jadawalina yadda na tsara shi, sunan Dakta a gaba, nawa a layin godiya tare da direba. Ashe dai hujjar na da ƙarfi in za ta ƙara wa mutum takardun neman ƙarin girma. Arɗo kuwa ko kwami ɗaya bai gani ba. Ni na shiga rugarsa na sha nononsa, na ce masa abin da muka gani zai kai ga manya, kuma ni ne na koma na gaya masa bai kai ba.

Bayan haka aka mayar da ni ɗakin ƙwari, kowa kuma ya san horo ne. Na shiga da fushi, aikin ya kama zuciyata. Muna kiwon malam-buɗe-littafin hatsi a cikin tsakin gero, mu tara ƙwansa, mu manna a 'yan katuna da ƙaro, mu sakar musu Trichogramma, ɗan zanzaron da bai kai milimita ɗaya ba. Macen na zuba ƙwanta a cikin ƙwan tsutsa, bayan 'yan kwanaki ƙwan ya yi baƙi, ka san ya kamu, abin da zai fito daga ciki mataimakin manomi ne. Zafin Maris da ɗauke wuta da tururuwa su ne abokan gaba. Sai da na sa ƙafafun kantoci a gwangwanayen ruwa, na rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi, kafin kiwon ya tsaya da ƙafarsa, kuma tun daga nan bai sake rushewa a hannuna ba. Wannan fanni ba wasa ba ne. Wani ɗan zanzaro makamancin wannan, da aka samo daga Kudancin Amurka, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara saki a 1981, shi ya ceci rogon Afirka daga ƙwaron da ya kusa gamawa da shi.

A can ma fadamar ce ta sake tare ni. Inda ake noma rani da damina, ƙwari ba sa yunwa. Kowa na tuna 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, kuma a shekarar ce aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a ƙasar nan. Tun daga lokacin manomi ba ya yarda da komai sai feshi, wani ma ya haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya. Ka kai masa kati yau, gobe maƙwabcinsa ya yi feshi, iska ta kwaso ta kashe abin da ka yi makonni kana reno. In ba a shawo kan fadama gaba ɗaya ba, kati a gona guda asara ce. Ragowar wannan maganin kuma lambatu yake bi, ya je ya kwanta inda shanun Arɗo ke sha.

Sauran abin da zan ce wa na baya kaɗan ne. Littafin fili a rubuta shi da biro, a ajiye kwafi a gida. Maganar jerin suna a takarda a gama ta kafin a ɗebi samfurin farko. A koyi gaisuwar Fulatanci ko da kaɗan ce. Kada a yi wa makiyayi alkawarin abin da ke hannun oga.

Na ji an amince da zango na biyu, za a ƙara rijiyoyi zuwa gangaren da garkunan ke bi yanzu, kuma wanda ya ga taswirar ya ce mini babu mashaya a ciki. Na mayar da babin Hausa, na kai wa mai gari da shugaban manoman rani da Arɗo, kowa da kwafinsa. Mai gari ya ce zai tara su bayan an kwashe albasa, ya ce in zo da hotunan hantar.